A ba masu ambulan bindiga ko a'a?

Awudu: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ina nan kan maganata ta jiya a majalisar unguwar Aboabo nan Kumasi, Ghana, a ba masu ambulan bindiga. Kun manta Fabrairun 2021 ne, hanyar Somanya zuwa Adukrom, 'yan fashi suka harbi direban ambulan yana ɗauke da mace mai naƙuda, har ya rasu? Mutum ya fito ceton rai cikin dare ko sanda babu a hannunsa.

Memuna: Yaya Awudu abin ya yi ciwo wallahi, amma ka taɓa shiga bayan ambulan? Ni nas ce, na sha raka mara lafiya asibitin Komfo Anokye, bayan motar bai wuce shimfiɗar tabarma ba, ga tukunyar oksijin a gefe, hannuna ɗaya kan ledar ƙarin ruwa ɗaya kan mara lafiya, wani bawan Allah sugansa ya faɗi yana ta fizge-fizge bai san inda kansa yake ba ya cafke min wuyan riga sai da maɓalli ya tsinke. Da akwai bindiga a ƙuguna fa?

Awudu: Ba ke ba ƙanwata, direba za a ba.

Baba Issaka: Awudu ɗana, shekara 30 ina jan mota Kumasi zuwa Tamale. Ɗan fashi ba ya sallama, icce yake gindayawa a hanya ya buɗe wuta daga daji. Hannunka biyu na kan sitiyari, da wanne za ka harba? Kuma ran da suka ji akwai bindiga a motar, direba za su fara nema.

Fuseini: Haka ne Baba. Wuri mai fama da rikici irin garin Bawku ma abin da ke kare ambulan shi ne kowa ya san ba ta ɗauke da makami.

Awudu: To sai a zuba ido ana kashe su?

Memuna: Wa ya ce? Gwamnati ta raba ambulan 307 a 2020, a sa wa ma'aikatan rigar sulke mana, a haɗa su da rakiyar polis a hanyoyin da aka san ana tarewa da dare.

Awudu: Rakiyar da sai an jira? Mai naƙuda ba ta jira.

Memuna: Nan kam ka kama ni yaya, minti goma ma yana kashe mai zubar jini. Duk da haka gara in tsaya a shingen polis ina danne jinin da hannuna da harsashi ya sami tukunyar oksijin muna ciki mu uku.