Idan makullin mota ya ƙi juyawa

Masu gyaran makulli da ke zuwa har inda mota ta tsaya sun ce a fara jijjiga sitiyari ana murɗawa, sau da yawa kullen sitiyari ne ya cije. In fitilun gaban direba na ɗaukewa, a zargi suwic na lantarki, ba gidan makulli ba.

Wajen canza gidan makulli, a cire kan batir na nagatif tukuna, a kwance murfin sitiyari. A Corolla ana murɗa makulli zuwa ACC (matsayin da rediyo ke aiki ba tare da an tada inji ba), a danna ɗan fil da siririn ƙarfe, gidan ya zaro. In makullin ya ƙi kaiwa ACC, sai a huda gidan. Sabon makulli mai cip dole a haɗa shi da kwamfutar motar, in ba haka ba injin zai yi ta juyawa bai tashi ba. Kada a ɗiga man inji cikin gidan makulli, ƙura yake tarawa.