Bikin Qixi na Sinawa: ranar masoya ce ko ranar allura da zare?

Malam Sabi'u: Jama'a, duk shekara idan Agusta ya kama sai a yi ta yaɗa cewa Qixi, wanda ake furtawa Cishi, ranar masoya ce a ƙasar Sin tun shekaru dubu biyu. Ni ban yarda ba. Daren bakwai ga watan bakwai na kalandarsu bikin 'yan mata ne na roƙon gwanintar ɗinki, sunansa ma na gargajiya Qiqiao, wato roƙon gwaninta. Furanni da kyautar saurayi kwanan nan 'yan kasuwa suka liƙa masa.

Nafisa: Malam, to ina ka ajiye tatsuniyar? Masaƙiya 'yar sama ta auri Makiyayi ɗan ƙasa, suka haifi 'ya'ya biyu, aka mayar da ita sama aka shata kogi tsakaninsu. Sau ɗaya a shekara wasu tsuntsaye baƙi da fari, dangin hankaka, suke jeruwa su zama gada su haɗu. Idan wannan ba soyayya ba ce, mece ce?

Malam Sabi'u: Tatsuniya daban, abin da mutane ke yi a daren daban. Kuma asalinta babu soyayya. A tsohon kundin waƙoƙi na Shijing zambo aka yi wa taurari biyun da tatsuniyar ta ginu a kansu: Masaƙiya tana ta kai da komo ba ta gama ko ƙyalle, Sa kuma, wato tauraron Makiyayi, ba ya jan amalanke. Sannan a 1975 an tono rubutun gora na zamanin daular Qin a Shuihudi, lardin Hubei, inda aka lissafa ranar auren waɗannan biyun cikin ranakun da ba a so a ɗaura aure, don ba zai ɗore ba.

Hajiya Rabi: A nan ina bayan Malam, kuma al'adun kansu su ne shaida. Ku ɗauki jefa allura, wanda aka bayyana a rubuce a Beijing ta zamanin Ming. Ana zuba ruwa a kwano tun ranar shida, a wasu yankunan a haɗa wanda aka ɗebo da rana da na dare. Ya kwana a tsakar gida, ya sha rana har tsakar ranar bakwai, sai ya yi yana a sama. Yarinya ta kwantar da allura a kan yanar a hankali, a leƙa inuwarta a gindin kwano. In ta yi kama da gajimare, fure, tsuntsu, takalmi ko almakashi, ta sami gwaninta. In ta fito ƙatuwa kamar taɓarya, ko siririya miƙaƙƙiya, sai a yi mata dariya. Ina saurayi a nan?

Injiniya Bello: Ƙaramin gyara, Hajiya. Ba yanar da ƙura ta yi a saman ruwan ce kaɗai ke riƙe allurar ba, fuskar ruwa ita kanta a ɗaure take kamar fatar ganga, har ruwan da aka zuba yanzu yana ɗaukar ƙaramar allura. Abin da ke nutsar da ita sananne ne: kwanon da sabulu ya rage a jikinsa, allura jiƙaƙƙiya, saukar da ita da tsini, ko iska ta girgiza ruwan. Ɗan maiƙon yatsa a jikinta yana taimakawa. Inuwar kuwa, allurar tana lotsa ruwan kewayenta, lotsawar ta karkatar da haske, shi ya sa take kumbura. Zurfin ruwa da tsayin rana su ke sauya siffar, ba hannun yarinyar ba.

Hajiya Rabi: Na karɓa. Amma ka bar wa 'yan matan abinsu.

Nafisa: Ku dai kuna zaɓar abin da ya yi muku. Mawaƙi Bai Juyi na daular Tang, a shekarar 806, ya sa Sarki Xuanzong da masoyiyarsa Yang Guifei suna rantsuwar zama tare a tsakar daren bakwai ga watan bakwai. Da daren bai da ƙamshin soyayya a kunnen mutanen Tang, da bai zaɓe shi ba. Kuma gwanintar ɗinkin don me ake roƙonta? A wancan zamani da ita ake auna yarinya wajen aure. Mai roƙon hannu mai kyau miji nagari take roƙo a fakaice.

Malam Sabi'u: Fatan aure ba zance ba ne, Nafisa. Mata ne zalla a tsakar gida. In ana neman daren da samari da 'yan mata suke ganin juna, bikin fitilu ne, sha biyar ga watan farko, lokacin da ake barin 'yan mata su fita kallo.

Malama Zulai: Bari in ƙara abin da ba a ambata ba. Littafin al'adun yankin Jingchu na ƙarni na 6 ya ce ana jera kankana da 'ya'yan itace a fili, in gizo-gizo ya yi saƙa a kai an amsa roƙo. A fadar Tang sai aka koma rufe gizon a ƙaramin akwati, a buɗe da asuba: saƙa mai yawa, gwaninta mai yawa. A birnin Kaifeng na zamanin daular Song kuma ana jiƙa wake ko alkama a kwanon tangaran kwanaki kafin bikin, ya yi tsiro a ɗaure shi da zare ja da shuɗi. Wannan yana son a riƙa sauya ruwa kullum, don lokacin zafi ne, in iri ya kwana a nutse cikin tsohon ruwa ruɓewa yake. Har yau a gundumar Xihe ta Gansu 'yan mata suna yin bikin kwana bakwai da dare takwas.

Injiniya Bello: Gasar zura zare a allura da 'yan mata ke yi a hasken wata a daren ma akwai lissafi. Watansu yana farawa ranar da wata ya ɓuya gaba ɗaya, ba ranar ganinsa ba kamar namu, don haka bakwai ga wata a wurinsu kamar biyar ko shida ne a wurinmu. Rabin wata ne, haskensa kaɗan, kuma kafin tsakar dare ya faɗi. Zura zare a kafar allura har bakwai a wannan haske aiki ne na gaske. Suna kuma ƙara wata guda lokaci-lokaci, shi ya sa ranar ba ta zagaye shekara: 10 ga Agusta a 2024, 29 ga Agusta a 2025. Japanawa da suka mayar da nasu, Tanabata, 7 ga Yuli sun jefa shi cikin damina, gajimare ya rufe taurarin. Birnin Sendai ya riƙe Agusta.

Nafisa: To taurarin suna matsowa kusa a daren?

Injiniya Bello: Ko kusa. Vega ce Masaƙiya, Altair ne Makiyayi, tsakaninsu tafiyar haske ta fi shekara 14.

Nafisa: Duk da haka, Malam, ka sassauta kalmar "liƙa". Tatsuniyar rabuwar tana nan tun zamanin Han, 'yan kasuwa ba su ƙirƙire ta ba.

Malam Sabi'u: Tatsuniyar na ba ki. Bikin ban ba ki ba. Da gwamnatinsu ta sa shi cikin jerin al'adun gado a 2006, allura da zare ne ke neman ɓacewa, ba furanni ba.