Kulle bindiga da tsaurara doka: za su rage zubar da jini a Maradi kuwa?

Alhaji Lawali, Madarumfa: Salamu alaikum jama'a. Wannan magana ta a tilasta wa kowa kulle bindigarsa, a kuma ƙara tsanani a dokar riƙe makami, ban ga abin da za ta canja mana ba. Masu fitowa daga dajin Baban Rafi suna kore shanu suna ɗaukar mutane a Gabi da Ɗan Isa, wa ya ba su takarda balle a ƙwace? Mai bin doka kaɗai doka take kamawa. Kuma bindigar da ke cikin akwati, harsashi na wani ɗaki, me za ta tsinana wa mutum in an dira gidansa ƙarfe biyun dare?

Malam Isuhu, tsohon jandarma: Wa alaikumus salam Alhaji. Akwati ba zai hana ɗan bindiga tsallako iyaka ba, wannan aikin sojojin Farautar Bushiya ne, rundunar da aka girke don yaƙar ƴan bindiga a yankin Maradi. Amma bindiga tana kashe mutane ta wata hanyar da ba ta shiga labarai: yaro ya ciro ta ƙarƙashin katifa, mai gadi yana goge ta ta tashi, faɗan gona ya kai wani ya ruga ɗaki ya ɗauko. Waɗannan duka kyakkyawar ajiya ce ke hana su. Sannan bindigar da aka rataye a bango kowa ya san da ita, ranar da aka shigo garin ita za a fara nema, ta koma daji ta zama tasu.

Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya: Bari in ƙara a kan na Malam. Bindigar farauta mai kartush 12, in ta tashi cikin ɗaki, ƙwayoyin ba su samu tazarar watsewa ba, a dunƙule suke shiga. In ta sami cinya ta yanke babbar jijiya, jini na iya ƙarar da mutum cikin ƴan mintuna, ba a ma gama neman mota ba balle a iso asibitin Maradi. Abin yi nan take shi ne a danna raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta ba sassautawa, in ƙafa ce ko hannu kuma jini na tsartuwa, a ɗaure sama da raunin tamau a riƙe lokacin da aka ɗaure. Kada a zuba toka ko ƙasa.

Akwai kuma wanda ba mu son faɗa. Mutumin da baƙin ciki ya rufe wa ido, sau da yawa wannan hali na ɗan lokaci ne, in ya wuce ya wuce. Bindiga ba ta ba da wannan lokacin, kusan tara cikin goma na waɗanda suka juya ta kansu ba sa tashi. A 2006 rundunar sojan Isra'ila ta hana sojojinta tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako, kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ba a canja zuciyar kowa ba, an nisanta makamin ne kawai.

Alhaji Lawali: Hajiya, wannan can ne. Mu nan adaka da harba-ka-ruga ne a hannun talaka.

Baba Ɗan Tani, maharbi: To ai su suka fi haɗari, ɗana. Mai kartush ka karya ta ka leƙa, ka san ko da abu ciki. Ta ɗuri ba ta nunawa. Maharbi ya dawo bai harba ba, ya jingine ta bayan ƙofa da ɗurinta, wata uku ya manta, yaro ya zo ya ja kunama. Dabarar ita ce: ranar da ka tabbata babu komai ciki, zura sandar ɗuri har ƙasa, ka yi mata tsaga daidai bakin bindiga. Duk sanda ka zura ka ga tsagar ta tsaya sama, akwai ɗuri. Wannan kuma shi ke hana ɗuri kan ɗuri, wanda ke fasa bututu ya tafi da yatsu, tunda yawancin na maƙera bututun ba na bindiga ba ne tun asali.

Na biyu, albarushin da ya sha damina. Ka ja kunama ta yi shiru, sai mutum ya juyo bakinta ya leƙa, lokacin ne wutar ke isa. In ta ƙi tashi, bakinta ya zauna yana kallon inda ba kowa, ka ƙirga minti ɗaya cur, in ka yi biyu ya fi. Albarushi kuma ba a ajiye shi a kwalba ko gwangwanin ƙarfe mai matsattsen murfi, ba a madafa ba, ba kusa da fitila ko turaren wuta ba. Akwatin katako, wuri busasshe, nesa da bindigar. Ƴan bindigar Sallah ma su ji: ko albarushi zalla ne, tsumman toshiya yana huda fata a kusa.

Malam Isuhu: Baba ya gama magana. Masu kaki su ma suna da nasu kuskuren, kullum iri ɗaya. A Kalashnikov, cire gidan harsashi bai fitar da wanda ya riga ya hau ba. Jerin shi ne: baki ya kalli wuri mai aminci, a cire gidan harsashi, a ja baya, a duba ciki da ido. Wanda ya fara da ja baya kafin ya cire gidan, ya fitar da ɗaya ne ya ɗora wani, yana zaton ya sauke. Shi ya sa ake ajiye ganga cike da yashi a ƙofar ɗakin makamai, don bakin bindiga ya kalli cikinta lokacin sauke ta.

A gida kuwa abu huɗu ne: a sauke ta, a kulle ta, a kulle harsashi, kuma a wuri dabam. Akwatin ƙarfe irin na maƙeran kasuwa ya isa, amma a ɗaure shi da ƙusoshi ta ciki a jikin bango ko daɓen siminti, don akwatin da mutum biyu za su iya ɗauka ba ajiya ba ne. Inda ake faɗuwa shi ne mabuɗi. Kan ƙofa, cikin hular da aka rataye, ƙarƙashin darduma, duk yaran gida sun sani.

Metir Hadiza, lauya: Alhaji, ranka shi daɗe, inda na yarda da kai shi ne in tsaurarawar ƙarin shekarun kaso ce ga manomin da aka kama da adaka, aikin banza ne. Dokar da ke aiki ita ce mai bin sawun makami. Yarjejeniyar ƙananan makamai ta 2006 ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta tanadi a buga wa kowane makami alama, a ajiye rajista, a kula da rumbunan gwamnati. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka dole dokarmu ta gida ta ɗauki wannan nauyi da kanta. Hukumar tattara haramtattun makamai ma muna da ita, CNCCAI, tun 1994, kuma an ƙona makamai a Agadas a Satumban 2000 bayan sulhu da ƴan tawaye.

Makaman daji ba daga sama suka faɗo ba. Wasu sun gangaro bayan rushewar Libiya a 2011, wasu an ƙwace a hannun jami'ai wajen hari, wasu ta tashar jiragen ruwa: a Janairun 2017 kwastan ɗin Najeriya sun kama bindigogi 661 cikin kwantena ɗaya a Legas. Ku dubi Afirka ta Kudu. Dokarsu ta 2000 ta wajabta gwajin cancanta, da akwatin ajiya, da sabunta lasisi, kuma kisa da bindiga ya yi ƙasa shekaru a jere. Sai ga wani kanar na ƴan sanda, Christiaan Prinsloo, ya sayar da bindigogi sama da 2,000 da aka tara don a lalata, suka faɗa hannun ƴan daba. An ɗaure shi shekara 18 a 2016. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar da ba ta tilasta ƙirga rumbun gwamnati lamba-lamba, da sa hannun mutum biyu, da lalata makaman da aka kama a gaban shaidu ba, rabin doka ce.

Alhaji Lawali: Metir, kin yi bayani, amma har yanzu ba wanda ya amsa mini ƙarfe biyun dare. A Zamfara ma a 2022 gwamnati da bakinta ta ce mutane su nemi bindiga su kare kansu.

Malam Isuhu: Ta faɗa, kuma hare-hare ba su tsaya ba. Gaskiya mai ɗaci, Alhaji: mai harbi ɗaya gaban mutum goma masu Kalashnikov, harbin farko ya nuna musu inda kake, kafin ka sake ɗuri sun gama. Abin da ke ceton gari shi ne labari ya riga su isowa, da lambar jami'ai a wayar mutum fiye da ɗaya, da hanyar da mata da yara za su bi. Amma wanda yake da izini ya ce sai ta kwana kusa da shi, to akwatin ya zama gefen gado, mabuɗi a wuyansa, ba a ɗura ba. Da asuba kartush su koma nasu wurin kafin yara su tashi.

Hajiya Rabi: Ni da za a bi tawa, a tara bindigogin gari duka gidan maigari, a rubuta mai ɗauka da mai mayarwa.

Baba Ɗan Tani: A'a ƴata, wannan ban yarda ba. Kin tara musu ne wuri ɗaya, dare guda su kwashe, su haɗa da maigarin. Kowa ya kulle tasa. Abin da maharba za su karɓa shi ne rajista ta hannun sarkin baka da hakimi, a buga lamba a jikin kowace, maƙeri kuma ya rubuta wanda ya yi wa.

Metir Hadiza: Baba, wannan zai yiwu ne kawai in an buɗe wa'adi, a ce wata shida, wanda duk ya kawo tasa a rubuta ba za a gurfanar da shi ba, kuma a sa shi cikin doka, ba a bakin wani jami'i ba. In ba haka ba, wa zai kai kansa? Makamin yaƙi kuma ba ya cikin wannan, shi miƙawa ake yi.

Alhaji Lawali: Rajista ta hannun hakimi na yarda, akwati ma zan sa a ƙera. Amma littafin nan mai sunayen masu bindiga gari-gari, wa zai riƙe shi? In ya faɗa hannun masu kai wa ƴan daji labari, mun rubuta musu jerin gidajen da za su fara shiga. Metir, wannan nake son ki amsa.