Wa ya taɓa rage kayan ɗakinsa, kuma me ya biyo baya?

Uwar yara uku, Kano:
Assalamu alaikum. Watan jiya aka ƙara mana kuɗin haya, muka tattara muka koma ciki da falo. Ranar kwashe kaya na ƙirga kuloli 14 a saman kabet. Uku kacal na taɓa zuba abinci a ciki tun da aka kawo ni, shekara 9 ke nan, sauran ko ledarsu ban cire ba. Ga tangaran ɗin jere da nake saukewa duk Asabar in goge in mayar. Na kira dillaliya ta zo ta taya, sai bakina ya kasa furta "na sallama". Ba son kayan nake ba. Ranar da Gwaggo za ta shigo ta ga bango fayau ta ce "ke, ina kayanki?" ita nake tsoro, don da guminta aka yi mini jeren. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Wata daga Gwange, Maiduguri:
'Yar uwa, ni ruwa ne ya rage mini. Daren da madatsar Alau ta ɓalle, wayewar garin 10 ga Satumba 2024, da yara da waya da takardun makaranta a leda muka fita. Da muka dawo, katifa, kujeru, akwatunan lefe, duk laka ce. Na yi kuka a kan kujerun, amma abin da ya tsaya mini a rai har yau turamen atamfa ne guda 11 da ban taɓa kai wa tela ba, wai ina jiran babban biki. A ƙaramar sallar shekarar ƙanwata ta roƙe ni guda ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye, na ce mata ajiya ce. Da hannuna na ɗago ta daga cikin akwatin, ta manne da sauran, tana wari. Kada a ce na kira ambaliyar alheri, mutane sun rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Sai dai yanzu in na sayi turmi, a makon nake ɗinka shi.

Hajiya, Katsina:
Yaran nan ku bi a hankali. Iyayenmu ba don ado kawai suke jera kwalla da samira har rufin ɗaki ba, bankinsu ke nan. Ni da kayan ɗakina na biya wa ɗana kuɗin jarrabawar WAEC lokacin da babansu ba shi da aiki, ban je ƙofar kowa ba. Mace ta rabar da komai, ranar da ta ɓaci me za ta ɗaga?

Uwar yara uku, Kano:
Gaskiyarki Hajiya, Allah ya ƙara girma. Amma kwallar zamaninku tana riƙe darajarta. Kular roba fa, dillaliya ko rabin kuɗinta ba ta taya ba, wai yayinta ya wuce. In ajiya ce, gara in haɗa kuɗin in sayi tunkiya a kai mini ƙauye.

Malamin makaranta, Zariya:
Mu ma maza muna da namu jeren, a ƙofar gida muke ajiye shi. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, motata ta yi wata huɗu a rufe da tamfol, ina wanke ta don kada maƙwabta su gane. Daga baya na sayar, na sayi babur, na biya bashi. Ba zuhudu ba ne, dole ce. A majalisa har da mai tambayata, "Malam, lafiya dai ko?" kamar an yi mini rasuwa. Abin da na samu shi ne Asabar ɗina. Da a garejin bakanike nake wuni, yanzu ni ke kai yara wajen kakarsu a Tudun Wada. Damina ce kawai ke sa ni kewar motar.

Wata daga Damagaram:
Ranar rabon gadon Inna muka buɗe adakarta, gara ta cinye zannuwan ƙasa gaba ɗaya. Da zane biyu ta ƙare rayuwarta, wanke wannan ɗaura wancan.

Uwar yara uku, Kano:
Allah ya jiƙan Inna. Jiya dillaliya ta dawo, na sallama kuloli 8. Uku na ba wata marainiya a layinmu da za a ɗaura wa aure bayan sallah. Falon ya samu wurin shimfiɗa tabarma, yara sun yi karatun dare a kai. Tangaran ɗin dai na naɗe da tsumma na tura ƙarƙashin gado a kwali, ban iya ba tukuna. Gwaggo ta aiko cewa tana nan tafe ranar Juma'a ganin sabon gida.