Me za mu kira palliative care da Hausa?

'Yan uwana ma'aikatan jinya, ku matso mu yanke wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya ina aikin dare, likita ya rubuta palliative care, wato kulawar da ake ba mai ciwon da maganin warkar da shi ba ya hannu don a rage masa wahala, a fayil ɗin wani dattijo mai ciwon daji na hanta. Babban ɗansa ya biyo ni har teburin magani, ya rage murya ya ce, "Sista, don Allah ki faɗa mini gaskiya, an fid da rai da Baba ne?" Na buɗe baki na rasa kalma. Abin da ya fito kawai shi ne, "Za mu ci gaba da kula da shi." Ya gyaɗa kai, amma na san ban amsa masa ba.

Da gari ya waye na jefa tambayar a zaurenmu na WhatsApp. Ta farko da aka kawo ita ce "jinyar ƙarshen rayuwa". A takarda ba laifi. Amma je ka faɗe ta a bakin gado ka gani. Kafin ka rufe baki wata gwaggo za ta ce maka rai a hannun Allah yake, kuma ta fi ka gaskiya, don mun ga wanda dangi suka zagaye suna ta karanta masa Yasin, da asuba ya nemi kunu. "Jinyar ajali" ma haka take, ai sai mutum ya rasu ake cewa ashe ciwon ajali ne. Kuma kulawar ba ta masu gargara kaɗai ba ce, mai ciwon ƙoda ko na zuciya zai iya yin shekaru yana buƙatarta.

Turawan ma sun sha wannan fama. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ana kiransa hospice. Da Dokta Balfour Mount ya tashi buɗe irinsa a asibitin Royal Victoria da ke Kanada a tsakiyar shekarun 1970, sai ya lura cewa a kunnen masu jin Faransanci wannan kalma gidan gajiyayyu take nufi. Shi ne ya ɗauko palliative, wadda tushenta a Latin mayafi ne.

Jin haka wani ya ce to mu ce "jinyar lulluɓi". Kul! A ɗakin majinyata idan aka ce an lulluɓe mutum, kowa ya san abin da ya faru.

"Rage raɗaɗi" ta fi samun magoya baya, kuma na fahimce su. Duk wanda ya ga yadda ruwan mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ana ba da shi duk bayan awa 4, yake sa mai kakari ya samu barci, ba zai raina ta ba. Yuganda ma tun 2004 ta yarje wa nas da aka horar ta rubuta shi da kanta. Sai dai rabin aikin ke nan. Saunders ta nuna cewa ciwon mai jinya ya haɗa jiki da zuciya da iyali da imani. Dattijon nan muna juya shi duk awa 2 gudun gyambon kwanciya, muna jiƙa masa leɓe da auduga, amma abin da ya hana shi runtsawa wata amanar gona ce da yake son damƙa wa ƙaninsa. Sai da aka kira masa shi a waya ya yi barci. Wannan wane raɗaɗi za ka kira shi?

"Sauƙi" kuwa yaudara ce a nan. Bahaushe ko yana numfashi da ƙyar ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce, kuma "ya samu sauƙi" warkewa take nufi. "Rangwame" a bar wa 'yan kasuwa.

Ni dai ƙuri'ata tana kan jinyar sassauci. Idan aka ce zazzaɓi ya sassauta, kowa ya san bai tafi ba, ya dai saki mutum ya numfasa. Babu alkawarin warkewa a cikinta, babu kuma da'awar sanin rana. Kalmar jinya ita ma ta ɗauko har matar da ta kwana 20 a tabarma kusa da gado, wadda ita ma sai an rarrashe ta, an tura ta ta ci abinci.

Na gwada ta a kan ɗan dattijon nan da na dawo aiki. Na ce, "Maganin da zai kawar da ciwon ba ya hannunmu. Abin da za mu yi wa Baba yanzu jinyar sassauci ce." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah ya sassauta masa."

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke karanta sunanta na Faransanci, soins palliatifs, a takarda, me kuke ce wa dangi a bakin gado?