Yaya ake abota da Allah alhali zuciya na fushi da shi?

Mai Dankali, Tudun Wada:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya cika mini ciki.

Dankalin turawa nake sayarwa a kasuwar Farin Gada da ke Jos, daga Bokkos da Mangu nake saro shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya cinye ribar, ga cutar nan da ke ƙona ganyen dankali da damina. Duk wannan na jure. Abin da ya karya ni ciwon ƙodar maigidana ne. Wata goma sha ɗaya muna zuwa wankin ƙoda, muka sayar da filinmu, jarina ma ya tafi. Na yi azumi, na kwana a coci, na shafa masa mai, Zumuntar Mata sun zo gida sun yi addu'a har muryoyinsu sun dushe. Ya rasu ranar wata Talata da asuba, ya bar ni da yara huɗu.

Tun daga ranar bakina ya mutu. Ina zuwa sujada, ina ɗaura zanen zumunta, ina buga tulu idan an miƙo mini, amma in na durƙusa ni kaɗai sai in ji kamar da bango nake magana. Ranar Lahadin da ta wuce Baba Fasto ya yi wa'azi a kan Yohanna 15:15, inda Yesu ya ce ba bayi yake kiranmu ba, abokai. Na zauna ina tambayar kaina, wane irin aboki ne za ka yi ta buga masa ƙofa wata goma sha ɗaya bai buɗe ba? Na tsorata da wannan tunani. Shin na yi saɓo ne? Kuma ta ina zan fara komawa?

Matashin Bishara, Bukuru:

Mama, sannu da haƙuri. Ki yi hankali, Shaiɗan ne ke shuka wannan tunani. Ki ɗauki azumin kwana uku, ki bincika ko akwai zunubin da ba ki furta ba, ki riƙe Romawa 8:28. Allah ba ya kuskure.

Baba Tela, Angwan Rukuba:

'Yata, sannu. Allah ya ba ki ƙarfin riƙon yaran nan.

Ɗana na Bukuru, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma gaskiya ne Allah ba ya kuskure. Amma ka koma ka duba abokan Ayuba. Kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce masa komai, wannan ne alherin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suka shiga neman laifin da ya jawo masa masifa, sai Ubangiji ya husata da su a sura ta 42, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa fa! Shi aka sa ya yi musu addu'a.

Ni shagona yana cikin babbar kasuwar Terminus lokacin da ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, wata biyar ke nan bayan rikicin Satumba na 2001 da ya raba mu da maƙwabtan da muka girma tare. Kekunan ɗinki uku da yadukan mutane duk suka zama toka. Ina dattijon ikkilisiya a lokacin, ni ke karanta nassi a gaban jama'a, amma kusan shekara guda ban yi wa Allah magana daga zuciyata ba. Gaisuwa kawai muke yi, irin ta mutanen da suka ɓata amma suna jin kunyar idon jama'a.

Abin da ya buɗe bakina Zabura ta 88 ce. Ki karanta ta yau da dare. Zabura da yawa suna farawa da kuka su ƙare da yabo, ita wannan da duhu ta ƙare, mai addu'ar yana cewa an raba shi da abokansa da ƙaunatattunsa. Duk da haka Allah ya bar ta cikin Littafi Mai Tsarki. Na ce ashe ya yarda a yi masa irin wannan magana. Ran nan na rufe ɗaki na faɗa masa duk abin da ke raina, har da kalmomin da ba zan maimaita a nan ba. Bai amsa mini da murya ba, kuma kasuwar nan har yau kina ganin kangonta. Amma gabar ta ƙare a daren nan, domin na daina ɓoye masa.

Ki lura, baƙo ake yi wa kara. Wanda kika ba amana kaɗai ne rashin zuwansa zai yi miki zafi haka. Ni a ganina ba saɓo kika yi ba, 'yata. Ki faɗa masa abin da kika faɗa mana, da kalmomin nan naki, kada ki gyara ko ɗaya.

Maman Zumunta, Gada Biyu:

'Yar'uwa, ni tambayata ɗaya ce: kina cin abinci? Kina barci? A 1 Sarakuna 19 Iliya ya gudu daga Yezebel, ya kwanta a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ajiye masa, ya ce tashi ka ci, har sau biyu. Sai bayan tafiyar kwana arba'in Allah ya yi masa magana a Horeb. Don Allah kada ki ɗauki azumi yanzu. Kuma ki gaya wa shugabar zumuntarku maganar jarin nan, kada kunya ta hana ki, mu a wurinmu adashe muka haɗa wa gwauraye biyu suka koma kasuwa.

Matashin Bishara, Bukuru:

Baba, na karɓi gyara. Mama, ki yafe mini, na yi gaggawa.

Mai Dankali, Tudun Wada:

Ba komai ɗana, na yafe. Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Jiya bayan yara sun kwanta na karanta Zaburar, ban kai ƙarshe ba kuka ya ci ƙarfina, rabona da irinsa tun ranar jana'iza. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, me ya sa ka bar shi ya tafi? Sau nawa na maimaita ban sani ba. Ban ji amsa ba, amma na yi barci har gari ya waye.

Maman Zumunta, kin gano ni, sau ɗaya nake ci a rana don ya ishi yara. Yau da safe na dama kunun tamba na zauna na sha tare da su. Ranar Alhamis akwai taron zumunta, zan tsaya bayan an tashi in yi wa shugabarmu magana. Ku riƙa tunawa da autata, har yanzu in ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta ruga da gudu.