Gidan ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi: in sa a firigo har hunturu ya wuce?

Mai garka, hanyar Mirya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gyaran darnin garkata na tarar da gidan ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi guda 3 manne a kara, mai kamar busasshen kumfa ɗin nan. Ina son su ƙyanƙyashe ƙwarai, don suna rage mini tsutsa da fara a shu da tumati. Ɗana ya gani a intanet cewa a Amurka firigo ake sa shi har sanyi ya wuce. Ɗaya har ya kwana 2 a firigon gidanmu a Birni. In ƙara da sauran?

Malamin gona:
Wa alaikumus salam. Don Allah Malam, ka ciro shi yanzu. Abin da yaron ya gani gaskiya ne, amma na ƙasashen ƙanƙara ne. A can uwar takan yi ƙwai kafin sanyi, ta mutu, ƙwan ya yi barci watanni har gari ya yi ɗumi. Shi ya sa masu sayarwa ke sa shi a firigo don kada ya fashe kafin lokaci. Namu na ƙasar zafi bai san wannan barcin ba. Firigo digiri 4 zuwa 5 ne, hunturun Damagaram ko da asuba bai cika sauka ƙasa da 10 ba. Sanyin firigo zai iya kashe ɗan da ke ciki, ga busarwa, ga kuran da ke ɗaukewa yana dawowa. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan bushewar iska ce. Ka yanke shi da karansa, ka rataye a inuwa kusa da rijiya, ƙasansa a sake, don 'ya'yan da zare suke saukowa. Duk kwana 2 ko 3 ka ɗan yayyafa ruwa a gefensa, kada ka jiƙa shi.

Baba, Gidimuni:
Ɗana, ka kiyaye shi da cinnaka da tururuwa, ka zuba toka a gindin abin da ka rataye shi. Kuma ka ajiye famfon feshi, in ba haka ba wahalar banza ka yi.

Malama, Zango:
Yaya, na taɓa ajiye ɗaya a kwalba don 'yan ajina, na rufe bakin da gidan sauro. Bayan kamar sati 5 suka fito, sun fi 100, kowane bai wuce sauro ba. Na bar su kwana 3 don yara su gani, suka yi ta cin junansu. Har yau abin na damuna. Ranar da suka fito ka rarraba su cikin ganye.

Malamin gona:
Na manta: in ka ga ƙananan ramuka zagayayyu a jikinsa, wata 'yar rina ce ta riga ka, ta ɓata ƙwan. Kuma in kana da amya ka nisanta su, har zuma suna kamawa.

Mai garka:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na ciro shi, na ɗaura masa jan zare don in gane shi cikin sauran. Duka 3 suna rataye a lemun da ke bakin rijiya, na zuba tokar Baba.